FILIN SANIN MAƘWABCI: Me Kirista ke nufi in sun kira Allah Uba?

Ranar kasuwa a Tanut ko a Balbeji, ba a tambayar mutum addininsa kafin a auna masa tiyar hatsi. Bahaushe da Babarbare, Ba'abzine da Bafillace, kowa ya kawo abin da Allah ya hore masa. A cikin taron akan sami Kirista jefi-jefi. Wani malamin lakwal ne. Wani ma'aikacin likita ne, wani soja, wani direba. Wasu baƙi ne daga Benin, Togo ko Najeriya. Wasu kuwa ƴan ƙasa ne, a nan Nijar aka binne cibiyarsu. Ba su da yawa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kirista ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba a ƙasar nan.

Akwai wata kalma da ke fitowa daga bakinsu wadda take yi wa Musulmi nauyi a kunne. In suna addu'a, suna kiran Allah da sunan Uba. Musulmin Damargu in ya ji haka, sai ya yi a'uziyya. Yana da dalilinsa. Tun yana yaro a makarantar allo ya haddace Suratul Ikhlasi, wadda ta kore maganar haihuwa daga Allah ta kowace fuska.

Rashin sani ya fi dare duhu. A ranar 16 ga Janairu 2015, bayan wata jaridar Faransa ta buga zanen ɓatanci ga Annabi Muhammadu (SAW), tarzoma ta tashi a Damagaram. Aka ƙona majami'u da gidaje da kantunan Kirista, mutanen da ba su da hannu cikin zanen. Washegari wutar ta kama a Yamai. Mutum goma suka rasa rayukansu a garuruwan biyu. Daga Damagaram zuwa Tanut kuwa tafiyar kilomita 150 ce ko kusa da haka. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Shi ya sa filin wannan wata ya ɗauko wannan kalma, don a san abin da masu ita suke nufi. Sanin maganar mutum daban, yarda da ita daban.

Ba haihuwar jiki ba ce

Abu na fari: babu ɗarikar Kirista, ko Katolika ko masu bishara, da ke koyar da cewa Allah ya yi aure ko ya haihu kamar yadda ɗan Adam ke haihuwa. Su ma suna ɗaukar wannan magana saɓo ce. Suna cewa Allah ɗaya ne, ba shi da jiki, ba shi da mata.

Hausa ma tana da irin wannan amfani da kalma. Ana cewa sarki uban ƙasa ne. Ana cewa uban gida, uban tafiya, uban marayu. Ba wanda ya ce sarki ne ya haifi talakawansa. Ana nufin shi ne mai riƙo, mai ciyarwa, wanda ake gudu wurinsa in abu ya ɓaci.

Kirista sun ce daga bakin Yesu Almasihu, wato Annabi Isa a wurin Musulmi, suka koyi wannan kira. A cikin Linjilar da ke hannunsu, littafin Matiyu sura ta 6, akwai addu'ar da ya koya wa almajiransa. Da kiran Allah Uba ta fara. A littafin Markus sura ta 14 an ajiye ainihin kalmar da ya yi amfani da ita a harshensa na Aramiya, wato Abba. Mutanen Damargu da Damagaram ba baƙin wannan kalma ba ne. A gidaje da yawa haka yaro ke kiran mahaifinsa.

Ɗan gida da ɗan ƙwadago

To, me ke cikin kalmar? Manomi zai gane da sauri in ya duba gonarsa.

In damina ta kankama, ciyawa ta taso, mai gona kan ɗauki ɗan ƙwadago. Za a yi ciniki tun da safe. Daga nan zuwa can, kuɗi kaza, da furar rana. In ya gama, a biya shi. In bai gama ba, a rage. In ya yi ha'inci, gobe ba za a neme shi ba. Tsakaninsa da mai gona sai lissafi.

Ɗan gida ma yana cikin gonar nan. Hauya ɗaya suke riƙe, rana ɗaya ke dukansu. Sau da yawa ma ɗan gida ya fi shan wahala, don shi ba ya tashi in lokaci ya cika. Amma ba aikinsa ne ya mai da shi ɗa ba. Tun bai san hauya ba yake cin tuwon gidan. In ya kwanta ciwo wata guda, ba a hana shi hatsin rumbu. Yana noman gandu don gandun na gidansu ne.

Kirista sun ce mutum yana iya tsayawa gaban Allah ta hanya biyu. Yana iya tsayawa kamar ɗan ƙwadago, yana ƙidaya aikinsa, yana jiran lada daidai da guminsa, kullum cikin fargabar kada awonsa ya kasa. Yana kuma iya tsayawa kamar ɗan gida, wanda aka riga aka karɓa, yana biyayya don ƙauna da godiya. Sun ce hanya ta biyu ce Almasihu ya buɗe musu. Wannan karɓa da ba a saye ta da aiki ba, ita suke kira alheri.

Makiyayi ma yana da misalinsa. A wurin Fulani, akan ba jariri karsana tun yana cikin zanen goyo. Bai taɓa kai garke rijiya ba. Bai taɓa kwana a daji ba. An ba shi ne don shi ɗa ne. In ya girma, sai ya bi shanun nan da ƙafarsa, ya sha rana da ƙishirwa a kansu. Kyauta ce ta fara zuwa, wahalar kiwo ta biyo baya. Haka Kirista ke jera abin: alheri a gaba, aiki a baya.

Labarin ɗan da ya tafi

Labarin da suka fi kafa hujja da shi yana cikin littafin Luka sura ta 15. Ga yadda yake a taƙaice.

Wani mutum yana da ƴaƴa biyu maza. Ƙaramin ya matsa a ba shi rabonsa na gado tun uban yana da rai. Wannan babban cin mutunci ne, a can da nan duka. Uban ya raba ya ba shi. Yaron ya tattara, ya tafi ƙasa mai nisa, ya cinye dukiyar cikin shashanci. Sai yunwa ta faɗa wa ƙasar. Ya rasa na ci, har ya koma kiwon aladu, dabbar da ke haram a wurin Yahudawa. Da wuya ta kai wuya, ya tuna cewa barorin gidan ubansa suna ci suna ragewa. Ya shirya maganar da zai faɗa: ya yi laifi, bai cancanci sunan ɗa ba, a ɗauke shi ɗan ƙwadago kawai.

Tun yana nesa uban ya hango shi. Dattijon ya ruga da gudu, ya rungume shi. Bai bari ya kai ga maganar ƙwadago ba. Ya sa aka kawo riga mai kyau da zobe da takalmi. Aka yanka kiwataccen maraƙi, aka yi biki.

Babban ɗan ya dawo daga gona ya ji kiɗa. Da ya ji dalili, sai ya fusata, ya ƙi shiga gida. Ya ce shekara da shekaru yana bauta, bai taɓa ƙetare umarni ba, amma ko ɗan akuya ba a taɓa yanka masa ba. Uban ya fito waje yana lallashinsa. Ya tuna masa cewa duk abin da ke gidan nasa ne. A nan labarin ya tsaya. Ba a faɗi ko ya shiga ba.

Ba sai an yi wa mutanen Damargu dogon bayani ba. Sun ga yunwar 1973 da ta 1984. Sun ga samarin da suka sayar da bisashe suka nufi Libiya ko Aljeriya. Sun ga waɗanda suka bi zinariyar Jado tun daga 2014. Wani ya dawo da mota, wani ya dawo da rigar wuyansa kawai. An san irin dattijon da ke zama bakin hanya ranar da motocin Agadas ke saukowa, yana duban kowane fasinja.

Masu wa'azin Kirista sukan ce a lura da abu ɗaya. Ƴaƴan nan biyu duka tunanin ƙwadago ne a kansu. Ƙaramin yana so ya biya bashinsa da aiki. Babban yana ganin ya riga ya biya, saura a ba shi ladansa. Uban kaɗai ne ke maganar gida. Kuma shi ne ya fita waje sau biyu, sau ɗaya don mai laifi, sau ɗaya don mai ganin kansa da gaskiya.

A wannan sura kuma akwai misalin makiyayi mai tumaki 100. Ɗaya ta ɓata. Ya bar 99, ya bi sawun ɗayar har ya same ta, ya saɓo ta a kafaɗa yana murna. Tunkiya ba ta biya shi ladan nema ba.

To, ina doka ta shiga?

Mai hankali zai yi tambaya. In an ce an riga an karɓi mutum, me zai hana shi sata da ƙarya da cin iyakar gona? Tambaya ce mai kyau, kuma su Kirista sun daɗe suna gardama a kanta.

Wani mutum mai suna Markiyon ya taɓa koyar da cewa Allah mai ba da doka na Attaura daban ne, Uba mai alheri na Linjila daban. Ikilisiyar Roma ta kore shi a shekara ta 144. Kirista suka tsaya a kan cewa Allah ɗaya ne. Wanda ya ba Annabi Musa dokoki goma shi ne Uban. Har yau suna koya wa ƴaƴansu dokokin nan: kada a yi kisa, kada a yi zina, kada a yi sata, kada a yi shaidar zur, a girmama iyaye. Sun kuma yarda da ranar hisabi.

Abin da suke cewa shi ne, dokar uba daban take da dokar baƙon alƙali. In uba ya hana yaro wasa a bakin rijiya mai gaba talatin, ba tara yake nema ba. Ran yaron yake tsarewa. Bulus, wanda ya rubuta wasiƙu da yawa na cikin littafinsu, ya kwatanta doka da mai renon yaro. Tana tsare shi, tana nuna masa laifinsa, amma ba ita ke ba shi gado ba. Igiyar awo tana nuna cewa katanga ta karkace. Ba ta miƙe katangar.

Mutum biyu sun yi suna a wannan magana. Na fari ɗan Afirka ne, Agustin. An haife shi a shekara ta 354 a garin da yau ake kira Suk Aharas, cikin Aljeriya. Ya yi ƙuruciya ta son zuciya, uwarsa Monika tana ta yi masa addu'a da hawaye. Daga baya ya tuba, har ya zama shugaban ikilisiya a Hippo, wato Annaba ta yau. Ya rasu a 430. A zamaninsa wani malami mai suna Pelajiyus ya ce mutum yana iya cika dokar Allah da ƙarfin kansa. Agustin ya ce a'a, ko niyyar tuba ma kyauta ce daga Allah. Taron shugabannin ikilisiya a Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, ya goyi bayan Agustin a 418.

Na biyu Bajamushe ne, Martin Luta. Ya shiga gidan masu zuhudu a 1505. Ya yi ta azumi da tsayuwar dare da furta zunubi, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Kullum yana ganin Allah kamar alƙali mai fushi. Da ya zurfafa karatun wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, sai ya fahimci cewa karɓar Allah kyauta ce da ake amsa da bangaskiya. A 1517 ya fito fili ya yi tir da masu sayar da takardun sassauta horon zunubi da kuɗi. Daga nan Kiristan Turai suka rabu, Katolika da Furotesta. Sai a ranar 31 ga Oktoba 1999, a garin Ogsburg na Jamus, wakilan Katolika da na mabiyan Luta suka sa hannu a takarda ɗaya. Suka yarda cewa da alherin Allah ake karɓar mutum, kyawawan ayyuka kuwa ƴaƴan itacen ne. Gardamar ta ci shekara 482 kafin a kai ga wannan.

Yadda maganar ta iso ƙasar Hausa

Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932. Likita Walta Mila, wanda ya zauna a Zariya, yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin fassarar. A ciki aka zaɓi kalmomin Hausa da kowa ya sani: Allah, Uba, alheri, tuba, gafara.

A Nijar, ƴan mishan na SIM sun fara zama a Damagaram a 1924. Daga baya suka kafa tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi, suka buɗe asibitin Galmi a 1950. A farkon shekarun ƴancin kai, Kirista ƴan ƙasa suka kafa ikilisiyarsu ta masu bishara, wadda ake kira EERN. Katolika kuwa sun kafa mishan a Yamai a 1931. A 2001 aka ba Maraɗi nata bishop, Amburwaz Wedarawogo, aka sa jihar Damagaram duka a ƙarƙashin kulawarsa, har da Damargu.

Inda aka yi kusa, inda aka rabu

Kada wani ya ɗauka cewa Kirista kaɗai ke maganar jinƙan Allah. Musulmi yana buɗe kowane aiki da ambaton sunayen Allah biyu na rahama. Malamai suna karantar da hadisin mutumin da raƙuminsa ya ɓace masa cikin hamada, da ruwansa da guzurinsa a kai. Ya fid da rai, ya kwanta ƙarƙashin itace yana jiran mutuwa. Yana buɗe ido sai ga raƙumin tsaye a kansa. Hadisin ya nuna cewa farin cikin Allah da tuban bawansa ya fi na mutumin nan. Duk wanda ya taɓa ratsa Tenere ya san nauyin wannan misali. Akwai kuma hadisin da ya nuna Allah ya fi uwa tausayin ɗanta, da wanda ya nuna aikin mutum shi kaɗai ba ya shigar da shi Aljanna sai da rahamar Allah.

Amma bambanci yana nan, ɓoye shi ba gaskiya ba ne. Musulmi ba ya kiran Allah Uba. Babu wannan cikin sunayen Allah 99. A wurinsa babu matsayin da ya fi na bawan Allah daraja, shi ya sa ake raɗa wa yara Abdullahi da Abdurrahman. Kirista kuma suna cewa Almasihu Ɗan Allah ne tun azal, ba ta hanyar jiki ba, kuma ta mutuwarsa a kan gicciye da tashinsa ne aka mai da su ƴaƴan gida. Musulunci bai yarda da wannan ba. A wurin Musulmi, Isa ɗan Maryamu annabi ne mai girma, bawan Allah ne, kuma ba a gicciye shi ba. Nan ne hanya ta rabu biyu. Kowane ɓangare ya san inda ya tsaya, kuma hukunci na Allah ne.

Abin da ya rage ga maƙwabta

Ana gane itace da ƴaƴansa. Koyarwar Kirista ta ce wanda aka yafe wa babban bashi ba shi da bakin shaƙe ɗan'uwansa a kan ƙaramin bashi. Bayan tarzomar 2015, shugabannin Kirista da dama sun yi kira ga mutanensu su yafe, kada su rama. An kuma sami Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a cikin gidajensu har ƙura ta lafa. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ya fito ya ce masu wannan ɓarna ba su fahimci Musulunci ba. Kowane ɓangare ya sami abin da zai riƙe daga cikin addininsa.

Saboda haka, in manomi ya ji ma'aikacin likita yana addu'a da sunan Uba kafin ya ɗaura wa yaro ruwa, ya san abin da mutumin ke nufi. Yana roƙon Mai riƙo da jinƙai ne, bisa ga tasa fahimtar. Wanda ke da tambaya ya yi ta da ladabi. Wanda aka tambaya ya amsa da ladabi, kada ya raina sallar wani ko azuminsa. In wani baƙo ya zo gari da maganar da za ta haɗa mutane faɗa, a kai ta gaban mai gari da liman tun ba ta yi tsawo ba.

Damargu ƙasar rijiya mai zurfi ce. Mutum ɗaya ba ya jan wasaki ya shayar da garke shi kaɗai, kuma ruwan ba ya tambayar wanda ya riƙe igiya. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye bisashe, ya dawo da matafiya gida lafiya. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.